Mata a Gidan Soja: Daga Magajiyar Bariki Zuwa Matuƙiyar Jirgin Yaƙi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka, da fatan an wuni lafiya, ya gona ya iyali. Bidiyon yau wata magana ce ta tayar da shi a gidanmu a nan ƙauyenmu ta wajen Ringim, kuma wallahi tun ranar abin bai bar raina ba. 'Yar yayana ce, ta gama sakandare, yarinya ce doguwa mai zafin nama wacce ita ke tura kurar ruwa daga tuƙa-tuƙa har gida jarka 10 ba tare da ta nemi wani ya kama mata ba, ranar kasuwa ta je kafe, shagon intanet, aka nuna mata a waya an buɗe ɗaukar sabbin sojoji, ta dawo da yamma muna tsakar gida ana tankaɗen gero ta durƙusa ta ce wa mahaifinta, Baba ina son in cike fom ɗin soja. Gwaggonmu na riƙe da rariya sai ta ajiye ta ce, ke 'yar nan bariki za ki shiga? A zuri'armu? Shi kenan magana ta mutu a nan, ba wanda ya ƙara cewa uffan, ita kuma ta tashi ta shige ɗaki.

To wannan kalmar ta bariki ita nake so mu fara kamawa, don ita ce ta kashe zancen a gidanmu kuma na san ita ke kashe shi a gidaje da yawa daga Gumel har Rano. Bariki asalinta mazaunin soja ne, kalmar Turawa ce muka ara muka hausantar. Amma yau in aka ce wance 'yar bariki ce kowa ya san ba yabo ba ne. Ta yaya sunan gidan soja ya koma zagi ga mace?

[Hoto: tsofaffin sojojin zamanin Turawa, jar dara da gajeren wando, sun jeru a fareti]

Rundunar sojan Najeriya tana ƙirga haihuwarta ne daga 1863, lokacin da wani hafsan ruwa na Ingila mai suna John Glover ya tara mutum 18 a Legas, masu jin Hausa, har aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Daga nan abu ya yi ta girma ya zama rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma, kuma Hausa ce harshen aiki, ko kai Tibi ne ko Idoma ko Bazabarme in ka shiga sai ka koya, shi ya sa har yau ake da Hausar bariki da ake kira Barikanci. Duk wannan zamanin ba mace ko ɗaya da ke ɗaukar bindiga. Amma kar wani ya ce maka babu mata a ciki. Su waye ke daka, su waye ke girki, su waye ke wankin kaki, su waye ke haihuwa suna raino a waɗancan ƙananan ɗakunan da aka jera kamar akurki? Matan soja ne. Har shugaba aka yi musu, Magajiya, kuma wannan sarautar ta Magajiya tana nan har gobe a barikokin Najeriya, in matan kurata biyu sun yi rigima a bakin famfo ita ake kira, in mijin wata yana bakin daga ta haihu ita ke tsayawa.

Abin da ya faru shi ne bariki waje ne da aka tara baƙi daga ko'ina, ba mai unguwa ba liman na gado ba dangi, albashi na shigowa ƙarshen wata, ga giya ga kiɗa a gefe, to dole zawarawa da matan da suka gudo daga auren dole da masu zaman kansu su taru a kewayensa, mutanen gari kuma suna leƙowa daga nesa sai suka yi musu kuɗin goro, matar aure da ke jiran mijinta da wacce ta zo neman kuɗi duk aka haɗa aka kira su suna ɗaya. Ni kakana ya je yaƙin Boma, ƙasar da yanzu ake ce wa Myanmar, a yaƙin duniya na biyu, runduna ta 81 da ta 82 su ne na Afirka ta Yamma da aka kai can, kakata kuwa shekarun nan duk ita ta riƙe gida, tana saƙar faifai tana kai wa kasuwa tana ciyar da yara 3, kuma har ta rasu in an ce mata matar soja ranta ba ya so saboda abin da mutane ke nufi da shi. Wannan tabon ne gwaggonmu ta gada, ba laifinta ba ne, amma tabon bai dace da gaskiya ba.

Ko mami maket ɗin nan, kasuwar da ke kowane bariki, wanda ya taɓa shiga Bukavu ko Janguza a Kano ya san shi, sunan mace ne. Mammy Ochefu, matar wani ƙaramin soja a lokacin, Anthony Ochefu, ta fara sayar da wani abin sha irin kunu a barikin Enugu a 1959 don ta taimaki gidanta, aka ware mata wuri a bayan bariki, wasu mata suka biyo ta, yau ga shi sunan ya cika ƙasa.

[Hoto: ma'aikaciyar jinya cikin kakin soja, hoto fari da baƙi]

Sai bayan samun 'yanci mace ta sa kaki da sunanta. A 1961 aka ba Josephine Tolefe muƙamin hafsa, nas ce da ta yi karatu a Ingila, a 1963 ta zama kyaftin, mace ta farko a Najeriya da ta kai nan. Ku lura da ƙofar da aka buɗe, ƙofar jinya ce. Shekaru masu yawa haka aka tafi, mace a gidan soja ko dai nas ko unguwarzoma ko akawu ko malamar makaranta ko mai kula da abinci. Kuma ni ban raina wannan ba ko kaɗan, mu Musulmi mun san Rufaida al-Aslamiyya da tantinta a Madina inda ake kai waɗanda suka ji rauni, can aka yi jinyar Sa'adu bin Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ, mun kuma san Nusaiba bint Ka'ab, Ummu Ammara, da ta je Uhudu tana shayar da ruwa, da wuri ya rikice ta zare takobi ta tsaya kare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har aka sare ta a kafaɗa. Malaman islamiyyarmu suna koya wa yara mata wannan tarihin, 'yar yayana ma a can ta ji shi.

Wacce ta fi kowa nisa ta wannan ƙofar ita ce Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa ce, ta yi karatun likita a Ibadan ta ƙaro a Landan, ta shiga soja a 1972, a 1994 ta zama manjo janar, mace ta farko, kuma ita aka ba ragamar duk sashen lafiya na sojan ƙasa. Ta rasu a Nuwamban 2023. A sojan ruwa kuma Itunu Hotonu, mai zanen gine-gine, ta zama riya admiral a Disamban 2012. Amma ga inda gizo ke saƙar, duk girman aninin da ke kafaɗar Kale ba za a taɓa ba ta birged ta kai yaƙi ba, ba za ta zama babban hafsan sojan ƙasa ba, domin wannan kujerar ta waɗanda suka bi ta kwas ɗin mayaƙa ne na NDA, makarantar horar da hafsoshi da ke Kaduna, shekaru ana karatu ana horo, kuma tun da aka kafa makarantar a 1964 ba a ɗaukar mata a wannan kwas ɗin. Sai a 2011 zamanin Goodluck Jonathan aka ɗebi 'yan mata 20 a kwas na 63. Shekara 47 kenan ƙofar na rufe.

Kuma ba mu kaɗai muka yi jinkiri ba, Amurka ma sai 1948 ta yi dokar da ta ba mata gurbi na dindindin a soja, kuma ta ƙayyade kar su wuce kashi 2 cikin 100, babbar makarantar hafsoshinta ta West Point sai 1976 ta karɓi mata, haramcin tura su gaba-gaba a fagen fama kuwa sai 2013 aka ɗage.

Da aka buɗe ƙofar me ya fito? A sojan sama Blessing Liman, 'yar Zangon Kataf a jihar Kaduna, 'yar Arewa ce tamu, ita ce matuƙiyar jirgin soja mace ta farko. Ranar 15 ga Oktoban 2019 aka liƙa wa mata biyu fukafukai a rana ɗaya, Kafayat Sanni ta zama ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi, Tolulope Arotile kuma ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Ita Tolulope ina so ku riƙe sunanta. A Kaduna aka haife ta, 'yar asalin jihar Kogi, ta shiga NDA a 2012, kuma aikin da ta yi a kan 'yan bindigan daji ne, a jihar Neja, a farmakin da aka sa wa suna Gama Aiki, wato irin mutanen da ke kore shanun talakawa suna sace matan aure suna sa ƙauye biyan haraji kafin a yi girbi, su take bi ta sama. Ta rasu ranar 14 ga Yulin 2020 tana da shekara 24, ba a daji ba, mota ce ta buge ta a cikin sansanin sojan sama na Kaduna, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Abuja. Manomin da ya samu ya koma gonarsa saboda jirginta ya wuce bai san mace ce a ciki ba, kuma da ya sani ba na jin zai ce mata 'yar bariki.

[Hoto: shingen bincike, layin mata da hijabi, buhunan yashi]

Yanzu ga wurin da ni abin ya fi taɓa ni. Duk wanda yake Kano a 2014 ba zai manta ba. A watan Yuni na shekarar mace ta farko ta tayar da bam a jikinta a ƙofar wani barikin soja a Gombe, ƙarshen Yuli kuma daidai ƙaramar sallah sai ga shi a Kano, 'yan mata ƙanana ɗaya bayan ɗaya, har aka soke hawan sallah, aka tayar a kwalejin fasaha inda ɗalibai ke duba sunayensu na bautar ƙasa, a Disamba aka tayar a Kantin Kwari. Boko Haram sun gano cewa sojan da ke shinge namiji ne, kuma namiji ba zai ɗaga hijabin matar wani ba, sai suka bi ta nan. A lokacin na raka mahaifiyata asibiti a birni, aka sauke mu daga mota a wani shinge, aka ce mata su tsaya can nesa su ɗaga hannu su buɗe mayafi, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, rana na dukan ta, tana ta jan bakin mayafinta tana cewa ɗan nan ka ce musu ni ba komai a jikina sai carbi, shi ma sojan da na dube shi yaro ne, tsoro ne fal a idonsa, bai san yadda zai yi ba, bai ma iya Hausa ba. Ranar na ce a raina da mace ce a nan, mai jin yarenmu, da ta ja ta gefe bayan buhunan yashi ta ce Inna yi haƙuri bari in duba ki, minti ɗaya an gama ba wanda mutuncinsa ya zube.

A Maiduguri abin da aka yi kenan, mata suka shiga cikin 'yan kato da gora suna binciken 'yan uwansu mata a ƙofar kasuwa da masallaci, a Adamawa kuma ga Aisha Bakari Gombi, mafarauciya, da ta riƙa jagorantar maharba maza suna shiga daji. Soja ma ya gane, a 2018 zamanin Janar Tukur Buratai aka kafa runduna ta mata zalla, a Janairun 2021 aka girke mata 300 a hanyar Kaduna zuwa Abuja. To tambayata ga iyayenmu ita ce, tunda dole sai an samu mace a shingen nan, mun fi son a ce har abada sai an kawo ta daga nesa, wacce ba ta san bambancin hijabi da niƙabi ba, ba ta san yadda ake gaida tsohuwa ba?

Amma ba zan yaudare ku ba, tsoron gwaggonmu yana da tushe, kuma nan ne maganar aure da jiki ta shigo. Gidan soja ba aikinka kaɗai yake mallaka ba, har da lokacin aurenka. Sharaɗin ɗaukar kurtu shi ne ba ka da aure, shekara 18 zuwa 22 in ba ka da sana'ar hannu, mai sana'a zuwa 26, tsawo mita 1.68 ga namiji 1.65 ga mace, a kai ka Defo, wajen horar da kurata, irin na Zariya wanda ke nan tun 1924, ka sha horo na wajen wata 6, sannan bayan ka fito akwai ƙa'idar sai ka yi shekara 3 kafin ka yi aure. Ku lissafa, yarinya ta shiga tana da 20, ba aure sai 23 ko 24, a ƙauyenmu kuwa sa'o'inta na da 'ya'ya bibbiyu, kullum uwarta na shan tambaya a gidan biki. A Disamban 2021 duk mun ga bidiyon wata soja a sansanin masu bautar ƙasa na jihar Kwara, wani ɗan bautar ƙasa ya durƙusa ya ba ta zobe ta karɓa tana cikin kaki, aka tsare ta, hukumar soja ta ce ta karya ƙa'ida, sai da mutane suka yi ta roƙo a Facebook da Twitter sannan aka sake ta.

Dokar sojoji ta Najeriya ta yi magana dalla-dalla a kan waɗannan abubuwa, akwai sashe a kan fyaɗe, akwai a kan neman matar abokin aiki ko mijin abokiyar aiki, akwai a kan hulɗar da ba ta dace ba tsakanin hafsa da na ƙasa da shi, akwai a kan luwaɗi, duk kotun soja ke hukunta su. A Disamban 2024 ma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabbin ƙa'idojin aiki da suka sake jaddada haramcin luwaɗi da maɗigo da shigar jinsin da ba naka ba, har da zane a jiki. A nan ƙasashe sun rabu, Ingila ta cire nata haramcin a 2000, Amurka ta yi shekaru daga 1994 da tsarin kar a tambaye ka kar ka faɗa, ta soke shi a 2011, Najeriya ba ta bi wannan hanyar ba. Abin da nake roƙo shi ne mu kiyaye bakinmu, domin na sha jin matasa a majalisa, da sun ga mace soja da gajeren gashi da murya mai kauri sai su ce ai duk 'yan maɗigo ne ko kuma ai sai da ta ba da kanta aka ɗauke ta. Ɗan uwa ka gani? Kana da shaidu 4? Suratun Nur ta yanke bulala 80 ga wanda ya jefi mace kamila da alfasha bai kawo shaidu ba, ba ta ce ban da mai kaki ba.

Inda ya kamata mu ɗaga murya shi ne inda aka zalunci mace. A gidan da na ƙasa ba ya cewa na sama a'a, in oga ya sa wa farabiti, wato ƙaramar soja, ido, wa za ta kai wa ƙara, tunda takardar ma ta teburinsa za ta bi? A Janairun 2024 wata soja ta fito a TikTok ta zargi wasu manyanta da cin zarafi, hukumar soja ta yi bincike ta ce ba ta samu hujja ba, daga baya aka sallame ta bisa dalilin rashin lafiya. A 2018 kuma ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta fitar da rahoto cewa wasu sojoji da 'yan kato da gora sun yi lalata da matan da ke sansanin gudun hijira a Bama ta hanyar amfani da yunwarsu, rundunar ta musanta. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, darasin da ni na ɗauka shi ne wurin da babu mata masu anini a kafaɗa, waɗanda za a iya shiga ofishinsu a rufe ƙofa a yi kuka a faɗi abin da ba a iya faɗa wa namiji, to wurin nan mai rauni ba ta da mafaka. Kuma ba a samun mace kanar sai wata ta yarda ta fara daga ƙasa shekara 20 da suka wuce.

Sai maganar sutura, wacce yayana ya fi kafewa a kai, ya ce min ƙanina ni ba zan ga 'yata da wando kai a buɗe tana tsalle a gaban maza ba. Na ce Yaya na ji, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Amma 'yan sanda a Maris ɗin 2022 sun amince mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hula, kuma ba daga sama ya faɗo ba, mutane ne suka yi ta nema. Muna da 'yan majalisa daga Kano da Jigawa, muna da manyan hafsoshi 'yan jihohin nan, muna da sarakuna, in dai sutura ce matsalar to ita za a zauna a kai, ba yarinyar za a rufe a ɗaki ba.

Bayan kwana biyu na shiga gidan da safe, na tarar ta tsaya jikin garu ba takalmi, ƙaninta ya hau turmi ya ɗora mata faranti a ka yana ja da gawayi, suka ɗauko tef ɗin telan unguwa suka auna, mita 1.69 ta samu. Ta ce Baffa ka gani na wuce, na ce na gani. Yayana na zaune a zaure yana gyaran garma yana jin mu, bai ce e ba bai ce a'a ba, abin da ya ce kawai shi ne in nemo masa wata mace Bahaushiya da ke aikin ya yi magana da ita baki da baki, ya ji yadda take sallah, yadda take kwana, da wanda take kai wa ƙara in an taɓa ta. To in akwai 'yar uwa soja daga Kano ko Jigawa da ke kallon bidiyon nan, don Allah ki yi min magana ta akwatin saƙo, zan kai masa wayar har zaure.